Hutu Da Yara A Birnin Kano: Kwana A Tanti, Yini A Cikin Ganuwa

Jawabi ga iyaye da dattawan ikkilisiya

Batun da ke gabanmu yau shi ne hutun makaranta: ina za mu kai yaranmu, ina za su kwana, me kuma za su koma gida da shi.

Sau uku a shekara ake rufe makarantu, wato lokacin Kirsimeti, lokacin Ista, da dogon hutu na damina. A yawancin gidajenmu hutun yakan ƙare ne a gaban talabijin ko a kan wayar hannu. In an tambayi uba, sai ya ce otal ya fi ƙarfinsa, kuma gaskiyarsa. Amma akwai wata hanya wadda talaka zai iya. A Amurka, a jihar Fulorida, kamfanin Disney ya buɗe babban wurin wasansa a 1971, a shekarar nan kuma ya buɗe filin kafa tanti a kusa da shi, mai suna Fort Wilderness. Iyali su kwana a tanti, gari ya waye su shiga wurin wasa. Mu ma ba baƙin tanti ba ne. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Gilasgo a 1883, ta yi zangonta na farko a 1886, kuma da yawa cikin dattawan da ke zaune a nan sun kwana a irin wannan zango suna samari. Abin da muke kawowa yau shi ne iyalai uku ko huɗu su haɗa kai su yi wa 'ya'yansu irinsa a Kano, kwana biyu yini uku.

Me ya sa Kano?

Wani zai ce ai yara Gidan Zu suke so, da lilo da alawa. Haka ne, kuma za mu kai su. Gidan namun daji na Audu Bako yana nan a titin Gidan Zu tun farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan da aka sa masa sunansa. Amma tazara kaɗan daga nan akwai abin da ya girme shi da ɗaruruwan shekaru, wato tsohon birni da ganuwarsa. Muna da yara da aka haifa a Sabon Gari, da waɗanda suka taso a ƙauyukanmu na karkara, sun kai shekara goma sha biyar ba su taɓa hawa Dala ba, ba su taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ba. Suna jin sunan birni kamar wata ƙasa ce ta wasu. Yaron da ya girma yana tsoron garin da yake zaune a gefensa, da wuya ya zauna da maƙwabcinsa da sakin jiki in ya zama babba.

Ga kuma wani dalili na gaggawa. Tarihin Kano ya nuna an fara gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17. A 2007 an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Duk da haka ruwan sama yana cinta, masu ɗibar ƙasa suna cinta, gine-gine sun hau kanta a wurare da yawa. Abin da muka gani da idonmu muna yara, yau saura guntaye. In muka ce sai baɗi, sai baɗin baɗaɗa, wataƙila jikokinmu a hoto kaɗai za su gan ta. Gani ya kori ji.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Idin Bukkoki a Littafin Firistoci sura 23, inda aka umarci jama'a su bar ɗakunansu su zauna a bukkoki kwana bakwai, domin zuriya ta san inda aka fito. A Nehemiya sura 8 kuwa, bayan an gama gyaran garun Urushalima, mutane sun kafa bukkoki a kan soraye da tsakar gida da filayen bakin ƙofofi. Ashe haɗa kwanan waje da koya wa yaro tarihi tsohuwar dabara ce.

Na ɗaya: inda za a kafa tanti

A cikin birni gidaje a cushe suke, lunguna ƙanana ne, ba wurin da baƙo zai kafa tanti. Kada kuma kowa ya yi tunanin kwana a gindin ganuwa ko a kan Dala. Wurin kwana shi ne harabar majami'a ko ta makaranta da ke wajen ganuwa, mai katanga da ƙofa da maigadi, mai ruwa da makewayi. A rubuta wa dattawan wurin takarda tun da sauran makonni, a faɗi yawan manya da yawan yara. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin kada a ga tantuna da dare a yi zaton wani abu.

Muna roƙonku, kada a kai yara kwanan daji. Dajin Falgore da ke kudancin jihar yana da kyaun gani, amma ya yi ƙaurin suna wajen ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sojoji suka mai da shi wurin atisaye a 2017. Haka nan bakin ruwa. Wanda ya kai yara kallon madatsar Tiga, ya je da rana ya dawo da rana, kada kuma ya sa su a kwalekwale. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Ɓagwai ba, a ƙarshen Nuwamba 2021, inda mutane fiye da 20 suka rasu, da yawansu yara 'yan makaranta.

Wanda ba shi da tanti kada ya karaya. A tambayi shugabannin Brigade ko za su ba da aro. In babu, tamfol mai kauri da igiya da turaku sun isa. A shimfiɗa leda a ƙasa, a ɗora tabarma, a ɗaura gidan sauro a ciki.

Na biyu: lokacin tafiya

A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 da rana, tanti ya zama kamar tanda, lokacin ne kuma na sanƙarau. A watan Agusta ruwa ya fi yawa, sauro ya fi yawa, iskar hadari tana iya tsige tamfol da tsakar dare. Hutun Disamba shi ya fi dacewa. Sai dai hunturu yana da nasa hali, domin da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Kowane yaro ya zo da bargo, rigar sanyi, hula, safa da man shafawa saboda kaushi. Mai ciwon asma kada a manta da maganinsa, gama ƙurar hunturu tana tayar da shi. A kuma duba kalanda, a kauce wa ranakun Sallah, domin a lokacin Gidan Zu kan cika maƙil, yaro kuwa a cikin cunkoso yake ɓacewa.

Na uku: dare a cikin tanti

A nan ne hatsari ya fi yawa, a nan ne kuma aka fi sakaci. Sanyi zai sa wani ya ce bari a shigo da garwashin gawayi a rufe ƙofa. Kada a yarda ko kaɗan. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Janareta ya tsaya can nesa a fili. Kyandir, fitilar kananzir, risho da maganin sauro mai hayaƙi, duk su tsaya a waje, domin yadin tanti ba ya jimre wuta. Tocila ta isa. Kafin yaro ya sa takalmi da safe, a kaɗe shi saboda kunama.

Gidan sauro dole ne, ko da hunturu ne. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira a koma gida. In zawo ya kama yaro, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana sha ana kan hanyar asibiti. Asibitin Murtala yana kusa da Ƙofar Mata, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana titin Zariya. Kowane babba ya san hanyar zuwa tun kafin buƙata ta taso. Rigakafi ya fi magani.

Akwai maganar da ba mu cika son yi a fili ba, amma dole a yi ta. 'Yan mata su kwana tare da iyaye mata, yara maza tare da iyaye maza. Kada babba ɗaya ya kaɗaita da ɗan wani a cikin tanti, ko wane ne shi, ko mene ne muƙaminsa a ikkilisiya. Manya biyu biyu su riƙa karɓar tsaro har gari ya waye. Wannan doka tana kare yaro, tana kuma kare sunan babba.

Na huɗu: yinin cikin birni

Shawararmu ita ce a fara da birni, a ajiye Gidan Zu sai ranar ƙarshe. Yaron da ya riga ya hau lilo ba zai so hawa dutse ba.

A tashi da sassafe a hau Dala kafin rana ta yi zafi. Daga can sama yara za su ga Goron Dutse, su ga yadda birnin ya shimfiɗu ta ko'ina. A gaya musu cewa tun fiye da shekara dubu da suka wuce akwai masu narka tama a gindin wannan dutse, a ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda. A riƙe hannun ƙanana wajen hawa da sauka.

Daga nan a wuce Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Gini ne na zamanin Rumfa wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. A ciki za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotuna, su ji yadda sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Sa'an nan a je marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafin kafuwarta daga 1498, su ga yadda ake haɗa baba da toka a rami, a tsoma farin yadi a fito da shi shuɗi. In da sauran ƙarfi, a leƙa Kasuwar Kurmi, amma a nan kowane babba ya riƙe yara biyu kawai, domin hanyoyinta a murɗe suke.

Mu tuna baƙi ne mu a unguwannin mutane. Mu yi shiga ta kamala, manya da yara. Mu koya wa yaranmu yin sallama da gaida na gaba. Kada a ɗauki hoton kowa sai an nemi izini. A kauce wa kewayen Babban Masallaci ranar Juma'a da tsakar rana, in kuma tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, a ci abinci a keɓe. Waƙoƙinmu da gangunanmu mu bar su sai mun koma masauki. Wanda ya shiga gari da ladabi, da mutunci yake fita, yaranmu kuma suna kallon yadda muke yi.

Na biyar: kada yaro ya ɓace

Luka sura 2 ta ba mu labarin iyaye nagari da suka yi tafiyar yini guda suna zaton ɗansu mai shekara 12 yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi. Zato ne ya jawo haka. Saboda haka a ƙirga yara da suna duk lokacin da za a shiga A Daidaita Sahu da duk lokacin da aka sauka. A rubuta sunan uba da lambar waya a takarda a sa a aljihun kowane yaro. A nuna musu wuri ɗaya da za su tsaya in sun rabu da jama'a. A Gidan Zu kada yaro ya zura hannu a keji ko ya jefi dabba, kada kuma a ɗora shi kan lilon da ya fi ƙarfin shekarunsa. Babba ya duba abin hawan da idonsa tukuna.

Na shida: kuɗi

A fara adashi tun watan Satumba. A dafa abinci a masauki, a tafi da ruwan sha a jarka. A tambayi kuɗin shiga kowane wuri kafin ranar, a gaya wa yara tun a gida sau nawa kowa zai hau lilo, domin kada a yi kuka a bakin ƙofa. Muna kuma roƙon dattawa, kowane iyali da zai tafi ya ɗauki maraya ɗaya ko ɗan gwauruwa ɗaya ya haɗa da nasa. Tabarma ɗaya ce za a ƙara.

A ƙarshe, 'yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna ba da shawara kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum uku, dattijo ɗaya, uwa ɗaya daga Zumuntar Mata da shugaban matasa ɗaya, su nemo masauki, su je su duba shi da kansu, su kawo rahoto kafin ƙarshen Oktoba. In an dawo, a ba yaran minti goma a Makarantar Lahadi su faɗi sunayen ƙofofin da suka bi da abin da suka gani.

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.