Kai Kayan Ɗaki Ƙetaren Iyaka: Daga Kurmin Mashi Zuwa Maraɗi

Kafin a buɗe akwati yau, ku ara mini kunnuwanku kaɗan, domin an sake kawo mana buƙatar rance ta kai kayan ɗakin amarya Nijar. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kurmin Mashi. Da yawanmu muna da dangi a Maraɗi ko Damagaram, aure da zumunci kuwa ba su san iyaka ba. Mota ce ta san ta.

Bari in fara da abin da ya same ni. A daminar 2024 aka aurar da 'yar yayata Maraɗi, aka ɗora mini kai jere. Gado da katifa, kujeru, sif, kwanuka, keken ɗinki, duk da guminmu muka haɗa su. Na je tashar Kawo na tambayi kuɗin shatar Kanta, na ji ya yi mini yawa. Sai wani yaro ya kawo mini direba har gida, ya ce rabin wannan zai karɓa. Wallahi har godiya na yi masa. Ya ce a ba shi kayan da yamma ya ɗaure su da kansa, mu haɗu da asuba.

Muka bi ta Zariya, Funtuwa, Katsina, lafiya lau. Da muka isa Jibiya 'yan kwastam suka ce a kwance tamfol. Suna ɗaga kujeru sai ga jarkokin fetur jere a ƙasa. Ashe arahar da ya yi mini ke nan: kayan amaryarmu ne mayafin fasa-ƙwaurinsa. Aka tsare mota da duk abin da ke cikinta. Kwana tara muna zirga-zirga kafin a yarda kayanmu daban, nasa daban. Ruwa ya jiƙa katifa, sif ya kumbura, amarya ta tare a kan tabarma. Ban ga laifin ma'aikata ba, aikinsu suka yi. Laifina ne da na bari aka yi lodi ba na wurin.

Saboda haka, duk wadda za ta ɗauki shata, ta je tasha, a yi ciniki gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, a rubuta sunan direba da lambar mota. Ranar lodi ki tsaya da ƙafarki, ko ki tsayar da namiji amintacce, tun motar tana wayam har a ɗaure igiya ta ƙarshe. In direba ya ce zai ƙara ɗan saƙon wani, ki ce a buɗe ki gani. Ba rashin kunya ba ne, Hajiya, dukiyarki ce.

A wajen cinikin nan akwai tambayar da mata ke mantawa: har ƙofar gida zai kai, ko a bakin iyaka zai sauke? Ba kowace mota ke da takardun shiga Nijar da inshorar da ake karɓa a can ba. Direbobi da dama a Magama suke tsayawa, a sauke kaya, a sake lodi a motar Nijar ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Kun ga ke nan kuɗin mota biyu, 'yan dako sau biyu, kuma a wajen juye kayan ne madubi ke fashewa, tukunya ke yin ƙafa. A yanke tun a Kaduna wa zai biya kuɗin hanya, wa zai biya abin da ya fashe. Kada ki cika masa kuɗinsa sai kaya sun sauka.

Ki sa ɗalibi ya rubuta miki jerin kayan ɗaya bayan ɗaya, kwafi biyu. Ki riƙe rasiɗin sababbin kaya, da katin ɗaurin aure, da katin shaidarki. Su za su nuna wa kwastam a nan da duwan a can cewa kayan gida ne, ba na kasuwa ba. Ki canji sefa kafin ki tsallaka, don 'yan dakon can da jika suke lissafi.

Sai maganar gara. Masara tana cikin abubuwan da dokar Najeriya ta hana fitarwa, kuma buhunan hatsi su ne suka fi jawo a tsayar da mota. Ni dai shawarata, a tafi da kuɗin gara a saya a kasuwar Maraɗi. Har gado da kujeru ma, a buga waya a ji farashinsu a can. Wani sa'in kuɗin mota kaɗai ya isa kafinta ya yi sabo.

Iyakar kanta ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, don haka abin da wata ta gaya miki na shekarun baya, ki sake tambayar direbobin da suka dawo a makon nan. Kuma hanyar Katsina zuwa Jibiya da rana ake bin ta, kun san halin tsaro.

To, ga abin da nake roƙon ƙungiya. Wadda ta zo neman rancen kai kaya, ta zo da lissafi uku: kuɗin mota har ƙofa, kuɗin dako da na hanya, da ɗan abin da za ta ajiye ko tafiya ta kwana. Rancen nan ba na sana'a ba ne, ba ya haihuwa, saboda haka ta faɗa mana daga ina za ta biya kafin ranar rabo. Malama magatakarda, rubuta wannan a littafi. Masu mabuɗi, bismillah, ku matso.