Jawabi a Taron Wata: Yadda Nake Rubuta Labarin Tsohon Katagum

 

Shugabanni sun nemi in yi bayanin littafin da ake ta jin ina rubutawa, ƙagaggen labari a kan wani bafatake na Katagum. To, ga inda aiki ya kai.

Kullum bayan sallar asuba, kafin in buɗe shago, nakan rubuta shafi biyu, da ajami, a irin littafin da nake lissafin ciniki. Biyu kawai. In na wuce haka sai magana ta yi ruwa. A ƙarshen mako yarona ya juya shi zuwa boko. Da haka na kai shafi 140. Amma akwai ranar da ko layi ɗaya ba ya samuwa, domin na tsaya a kan tambaya guda: wannan abu da zan sa a hannun mutumin nan, akwai shi kuwa a zamaninsa?

Labarin ya fara ne a zamanin Sarki Ɗankauwa, wanda ya yi sarauta daga 1816 zuwa 1846, bayan rasuwar Malam Zaki da ya kafa masarautar da tutar Shehu. Ya ƙare a kan jikan bafataken, a 1916, shekarar da aka mai da gidan sarauta Azare. Shekara ɗari cif. Abin mamaki, a wannan 1916 ɗin ne aka kafa Sabon nan tamu ta Ibadan.

Sunayen sarakuna da shekarunsu ba su ne wahala ba, suna rubuce. Wani Bature, Victor Low, ya fitar da littafi a 1972 a kan Gombe da Katagum da Haɗeja, yarona ke karanta mini yana fassarawa. Wahalar tana ga ƙananan abubuwa, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya fi mai digiri ido.

Mu ɗauki kuɗi. Bafatake ya sai da kaya, da me aka biya shi? Baturen nan Kilafatan ya shiga Katagum a watan Janairu 1824 daga Borno, ya gana da Ɗankauwa. Ya rubuta cewa a Katagum ne ya fara ganin ana ciniki da wuri, a baya duk da ƙyallen saƙi da makamantansa ake musaya. Jama'a, wannan magana ɗaya ta ba ni babi guda. Ashe garinmu shi ne iyaka tsakanin masu wuri da masu gabaga. Ka ga dole a sami wanda ke cin abinci a tsakani, mai sanin gabaga nawa ke daidai da wuri nawa, kamar 'yan canji a yau. Sai na mai da wannan ta zama sana'ar maƙwabcin bafataken, kuma rigimar da ke cikin labarin daga nan ta taso. Sa'an nan wuri nauyi gare shi. Keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, kayan ɗauka ne sosai. Saboda haka ba a cewa attajiri ya zura hannu aljihu ya biya kuɗin doki. Sai an zauna, an baza tabarma, an kira masu ƙirga. Anini da kwabo mai huji kuwa ba su da hurumi sai a babin jika, bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903.

Haka goro. Mu nan mun saba goro ya hau mota ya kwana Arewa. A zamanin Ɗankauwa daga Gwanja yake zuwa, a kan jakuna, tafiyar watanni, shi ya sa ba kowa ke samunsa ba. Jirgin ƙasa bai isa Kano ba sai 1911. In na sa talaka yana raba goro ƙwarya-ƙwarya a ranar suna a 1830, duk tsohon da ya karanta zai ajiye littafin. Wuta ma, babu ashana, sai ƙyastu, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo. Babu kananzir.

Sai tafiya. Yau daga Azare zuwa Katagum abin da bai kai kilomita 70 ba ne, ka je ka dawo kafin la'asar. Kilafatan ya bar Katagum, abokin tafiyarsa Likita Oudney ya rasu a Murmur ran 12 ga Janairu, shi kuma bai shiga Kano ba sai ran 20. Da wannan nake auna zangon ayarina. In damina ce kuma, sai a ƙara kwanakin jiran kogin Jama'are ya sauka.

Wani malami ya tambaye ni, tunda ƙage ne, mene ne na wannan bin diddigi? Na ce masa, Allah gafarta malam, mutanen ne na ƙaga, ban ƙagi garin ba. Sarakuna na gaskiya kuwa ba na sa musu maganar da ba su faɗa ba, daga nesa bafatakena ke hango su. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan jiharmu, da ya rubuta Shaihu Umar a 1934, akwai waɗanda suka ga zamanin bauta da idonsu a raye. Ni ba ni da wannan gata. Kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbancinsu ya fi Hausarsu, abin da suka karanta shi za su ɗauka a matsayin Katagum.

Inda na tsaya yanzu shi ne babin ƙaura zuwa Azare. Takardun Turawa a Kaduna za su faɗi shekara da dalilin hukuma. Abin da nake so shi ne na cikin gida: wa ya bi sarki, wa ya ƙi tashi, yaya aka yi da rumbuna, me matan gida suka ce. Don Allah duk wanda zai je gida da sallah, yana da tsohuwa ko tsoho a Katagum, ko Shira, ko Azare, da ya ji wannan daga bakin iyayensa, ya zauna da shi, ya ɗauki maganar a waya ko ya rubuta. Ko waƙar daka ce a kawo. Ana samuna a shago daga hantsi har magariba.