Tunani Uku Da Ke Ɗaure Zuciyar Mai Ciwon Damuwa



Ya ku ƴan uwa masu saurare, baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah (SAW), wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, ana kiranta shekarar baƙin ciki. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, amma shi ne ya hana ƴaƴansa yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Sai dai idan ƙunci ya wuce mako 2, barci ya lalace, abinci ya fita a rai, abin da mutum ke so a da ya daina burge shi, to wannan ciwo ne, likitoci na kiransa ciwon damuwa. Yana shigowa da tunani uku.

Na farko a kan kai: matashi ya dawo daga ci-rani hannu wofi, sai ya ce shi ba shi da amfani. Na biyu a kan mutane: maƙwabci ya wuce bai gaishe shi ba, sai ya yanke cewa kowa ya tsane shi. Na uku a kan gobe: gero bai yi ba bana, sai ya ce ba zai ƙara ganin alheri ba. Ku lura, duka ukun zato ne aka yi masa rigar gaskiya. Damina ɗaya ba ta yanke hukuncin rayuwa, gobe kuwa gaibu ce, Allah kaɗai Ya san ta.

Idan irin wannan tunani ya zo maka, tambayi kanka: ina hujjata? Da ɗan uwana ne a wannan hali, haka zan ce masa? Kada ka keɓe kanka, ka sha ruwa cikin jama'a, ka buɗe zuciyarka ga amintacce.

Ku kuma dangi, ku daina cewa rashin tawakkali ne. Wanda ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. Mai shan magani kada ya daina saboda azumi sai ya tambayi likita, domin shari'a ta yi wa marar lafiya sauƙi. Addu'a da magani ba sa karo.

Allah Ya yaye ƙuncin masu ƙunci, Ya karɓi azuminmu. Amin.