Cimar Kajin Gida da Maganar Ɓawon Ƙwai: Jawabin da aka Gabatar a Taron Wata na Ƙungiya a Agege



An ce mu 'yan kasuwar hatsi da dusa mu yi bayani a kan kukan da iyayenmu mata suke yawan kawowa rumfunanmu, wai kaza tana ƙwai mai ɓawo kamar takarda, wata ma ta juya ta fasa nata ta shanye.

To jama'a, a ƙauyukanmu na Arewa kaza tana wuni a juji da bayan danga tana tono, ta samu gara da tsakuwa da guntun ƙashi. Nan Agege kuwa tsakar gida duk siminti ne, kaji suna kulle a akurki saboda ɓarayi da rigimar maƙwabta. Abin da ka zuba shi ne iyakar abin da za su ci. Ga shi kuma garken namu a gauraye yake: masu ƙwai, zakara, 'yan tsaki, wani har da agwagwa, duk a kwano ɗaya.

Ɓawon ƙwai da wani sinadari ake gina shi wanda masana suke kira kalsiyam, shi ne kuma ke ƙarfafa ƙashi. Kowane ɓawo yana ɗauke da wajen giram 2 nasa, kuma kaza takan shafe kusan awa 20 tana gina shi, galibi cikin dare. Masara da dawa da dusa ba su da shi sai ɗan kaɗan. Idan ba ta samu a cima ba, daga ƙashinta za ta zara, sai ka ga kaza ta gurfana ta kasa tashi, a ce ai iska ce. Ba iska ba ce, yunwar kalsiyam ce.

Wani sai ya ce to bari ya sayo abincin kajin ƙwai, wato leyas, ya ba kowa. A'a. Shi wannan an zuba masa kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, alhali tsako da zakara kashi 1 ya ishe su. Tsakon da aka daɗe ana ba shi leyas ƙodarsa takan lalace. Ka ga an gyara uwa an kashe ɗa.

Shawararmu ita ce, kwanon kowa da kowa a zuba masa abincin masu tasowa, wanda ake kira giroba, ko haɗin gida na ɓarzajjen masara da dusa da ƙuli-ƙuli. Sannan a nemi gwangwani daban a zuba dakakken ɓawon kawa, wanda masu abincin kaji a Oko-Oba suke kira oyista. Ikon Allah, mai ƙwai za ta je ta ɗiba gwargwadon buƙatarta, zakara ba ya kula shi sosai. Kada a niƙe shi lukui. Mai tsaki-tsaki ya fi daɗewa a ƙundu, ya yi mata aiki cikin dare.

Wanda ba shi da hali, ga masu shayi nan suna zubar da ɓawon ƙwai kullum. A roƙa, a gasa shi a tukunya ya bushe sarai, a daka har kamanninsa su ɓace, don kada kaza ta gane ta koyi fasa nata. Katantanwa da ƙonannen ƙashi daga mayanka su ma suna yi. Amma tsakuwa aikinta niƙa ne kawai a ƙundu, ba ta maye gurbin waɗannan.

A bar su su sha hantsi ko na ɗan lokaci, domin rana tana taimaka wa jiki wajen amfani da sinadarin. Kuma daminar Ikko kun san ta: dusar da ta yi fumfuna a zubar, kada a yi tsimi da ita, hanta take ci. Mu da kanmu mun fi so ku sayi na mako guda, ko da cinikinmu zai ragu.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.