Littafi Tsakanin Biki da Majalisa



A garuruwanmu, ranar Asabar ba ta mai ita ba ce. Da safe suna a gidan ƙanwa, da hantsi ɗaurin aure, da la'asar gaisuwar mutuwa, bayan isha'i kuma majalisa na jira, shayi na tafasa. Wanda ya kulle ɗaki da littafi, sai a ce girman kai ya shige shi. Ni ma ba na goyon bayan yanke zumunci. Wanda ya ƙi zuwa jana'izar maƙwabci don labari ya yi daɗi, ya tafka kuskure.

Amma ku dubi malaman zaure na Kano da Zariya da Sakkwato. Hidimarsu ta fi tamu: su ke ɗaura aure, su ke raɗa suna, su ke sasanta ma'aurata. Duk da haka sun killace bayan sallar asuba, lokacin da ba mai sallama sai ɗalibi. Da kaɗan-kaɗan ake sauke littattafai irin su Risala da Muhtasar.

Mu kuwa WhatsApp muka miƙa wa wannan lokaci, muna ɗora wa dangi laifi. Na gwada ajiye waya har rana ta fito. Cikin wata guda na sake karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya har na uku, ban kuma fasa biki ko ɗaya ba. Daren da na ba 'yan majalisarmu labarin yadda aku ya zama waziri a cikin littafin, shayi har ya huce ba wanda ya kula.