Rataye Takalmi Ba Ya Mai Da Ɗan Wasa Koci



Tarihin Kano Pillars ba sai na karanta muku ba, yaron da ke ɗauko ƙwallo a bayan raga ma ya haddace shi. Abin da ya kawo ni shi ne tsohuwar rigimata da jami'an wasanni, masu ganin cewa duk wanda ya taɓa taka leda, ranar da gwiwa ta gaza sai a rataya masa usur a wuya, shi ke nan an yi koci.

Ku dubi kofuna. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Wa ke kan benci? Kadiri Ikhana, sai Baba Ganaru sau biyu, sai Okey Emordi. Babu Bakano ko ɗaya. To ina namu suke? Salisu Yusuf, mutumin Zariya da ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna, da Enyimba ta Aba ya ɗaga kofin ƙalubale a 2013. Abdu Maikaba ya ciyo wa Akwa United irinsa a 2017. Usman Abdallah, haifaffen Kano, da ya gama wasa sai ya zauna a Faransa ya yi karatun horarwa, ya dawo ya karɓi aikin mataimaki a Enyimba, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka a 2018, ya ba ta kofin ƙasa a 2019. Ashe muna da mutane. Haƙurin rainonsu ne ba mu da shi, sai wasu sun gwada su sannan mu bi su da roƙo.

Na san za a ce ai koci Jugunu ya ciyo wa Pillars kofi a Kaduna a 2019. Gaskiya ne, kuma hujjata ce, domin a gida ya taso aka bar shi ya yi aiki. Wasu kuma za su ce kuɗi ne babu. Wannan waƙar mun ji ta, amma ranar siyasa ba a rasa kuɗin raba jesi mai hoton ɗan takara.

Bari in kai ku Finlan, ƙasar da yawan jama'arta bai kai rabin na Jihar Kano ba, ga ƙanƙara tana rufe filaye watanni. Markku Kanerva tsohon ɗan baya ne a ƙungiyar HJK ta Helsinki, kuma malamin firamare ne. A 2004 aka ba shi 'yan ƙasa da shekara 21, ya kai su gasar Turai a 2009, ya koma mataimaki a babbar ƙungiyar ƙasa, ba a damƙa masa ita ba sai ƙarshen 2016. Shekara goma sha biyu ana kallonsa yana koyo. A Nuwamban 2019 Finlan ta samu gurbin babbar gasa karo na farko a tarihinta, da wasu daga cikin yaran da ya raina tun suna matasa. A nan kuwa, koci ya sha kashi uku a jere, kafin ya fito daga filin Sani Abacha an rubuta takardar sallama.

Akwai wani yaro da nake gani a filin makarantarmu yana atisaye da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayar yana wurin ɗan'uwansa. Mai horar da su tsohon ɗan wasa ne, yana da ƙauna, amma duk iliminsa shi ne a zaga fili sau goma da rana tsaka, wanda ya faɗi a yi masa tsawa. Ba laifinsa ba ne, haka aka yi masa.

Don haka ga buƙatata. Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo su ɗauki nauyin tsofaffin 'yan wasa biyu kowace shekara zuwa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ko kwas ɗin lasisin CAF, da sharaɗin in sun dawo a firamare za su fara. A fifita malaman makaranta a cikinsu, tunda sun riga sun iya zama da yara. Kuma wanda aka ba ƙungiya a ba shi kwantiragin shekara uku a rubuce, da sa hannun shaidu. Shugaban taro, na ga wakilan ƙananan hukumomin biyu suna nan zaune, ina so su amsa kafin a tashi.