Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Haɗa Dawa Da Shinkafa?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Jabo ta fito, ƙasar Tambuwal. Mai wasiƙar manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi. Ya ce ya ji wai masu bincike na duba shinkafa don su gyara irin dawa. Shin gauraya su ake yi? In dai haka ne, shi kam ba zai shuka ba.

To malam, kwantar da hankalinka. Wannan aiki kwatantawa ce, ba gaurayawa ba.

Kowane tsiro na ɗauke da rubutun halittarsa cikin jikinsa, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Yankin rubutun da ke ba da umarni guda, shi ake kira ƙwayar gado. An karance rubutun shinkafa a 2005, na dawa da na masara a 2009. Gero, abincinmu, sai a 2017, ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai. Dawa na da ƙwayoyin gado wajen 34,000, gero wajen 38,000. Wa zai bi su ɗaya-ɗaya?

Sai aka sami sauƙi, domin hatsin nan huɗu duk dangin ciyawa ne, gidansu guda. In an san aikin wata ƙwaya a shinkafa, sai a ba kwamfuta haruffanta, ta nemo mai kama da ita cikin dawa. Tun 1990 ake da na'urar wannan nema, BLAST, wadda aka ƙirƙiro a Amurka.

Kun dai san shibra, yadda take zubar da tsabarta tun kafin a kai ga girbi. Dawar daji ma haka take yi. A 2012 masu bincike suka gano ƙwayar da ke sa dawa wannan zubarwa, suka kira ta Sh1. Da suka waiwayi shinkafa da masara, sai ga 'yar'uwarta a can, kan aiki iri ɗaya. Ashe manoman farko, a Afirka da Asiya da Amurka, ba su san juna ba, amma abu guda suka yi ta zaɓa: zangarniyar da ke riƙe hatsinta.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. In ka ga baƙo a kasuwa da zanen fuska irin na gidanku, ai sai ka tambayi asalinsa. Shi ya sa ake neman daga ɓangare biyu: ta shinkafa ta nuna ta dawa, ta dawa ma ta juyo ta nuna ta shinkafa. Masara ma ta fi rikici, don sau da yawa ƙwaya ɗaya ta dawa tana da biyu a masara. Bayan duk wannan, dole a shuka a gani. Ni dai kwamfuta ba ta isa ta gamsar da ni ba sai gona ta shaida.

Ɗauko ƙwayar wata halitta a sa wa tsiro, kamar yadda aka yi wa waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, da aka fitar a 2019, wannan aiki ne daban, kuma za mu zo kansa. Kafin nan, in an kawo maka sabon iri, tambayi malamin gona sunansa da inda ya fito, ka gwada shi a kunya goma kusa da naka na gida. Sai mun ji daga gare ka bayan kaka.